Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Magajin Garin Damagaram Kan Ledar Da Ta Cika Mana Gari

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan birni mai gundumomi biyar, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ni tsohon malamin lakwal ne, na ajiye alli, yanzu ina zaune a Garin Malam ina turke raguna biyu ko uku kowace shekara, in layya ta matso in sayar in rage nauyin gida. Na zaɓi in rubuto a fili maimakon in kawo takarda ofis, domin maganar leda ba taka ba ce kai kaɗai. Duk wanda ya taɓa ce wa mai shago "sa mini a leda" yana da kaso a cikinta, har da ni mai wannan rubutu.

Bara, saura wata biyu layya, ragon da na fi sa rai a kansa ya fara ƙin dusa. Ga harawa a gabansa, sai ya sunsuna ya kau da kai. Ya daina tuƙa. Ciki a kumbure, amma ƙashin ƙugu yana ta fitowa kamar na dabbar da ta sha fari. Na ba shi kanwa, na ba shi maganin tsutsa, shiru. Da likitan dabbobi ya zo, bai daɗe ba, ya danna cikin ta gefen hagu sau biyu, ya ce mini leda ce, kuma ta riga ta yi yawa. Washegari muka yi sauri muka yanka shi kafin ya zama mushe (mushe na gaske nake nufi, ba "mushe" na Faransanci, wato malam, da yaran lakwal suke kirana da shi ba). Da mahauci ya farke tumbi, sai ga wani dunƙule ya faɗo ƙasa tim. Baƙar leda, farar ledar fiya wata, zaren buhu, har da guntun igiyar roba, duk sun murɗe sun cure wuri ɗaya kamar gammo. Na ɗaga da hannu biyu. Ni ne na tsaya baki buɗe. Shi mahaucin ko a jikinsa, ya ce abin da suke gani ke nan a kwata kusan kullum. Dabba tana bin ƙanshin mai da gishirin da ya saura a jikin leda ta haɗiye, ledar ba ta narkewa, ba ta kuma wucewa, sai ta tare gurbin abinci. Dabbar tana jin ta ƙoshi alhali yunwa ce ke cin ta.

Ban kawo wannan labari don in ɗora wa wani alhakin ragona ba. Ni na riƙa sakin sa da hantsi ya zaga bayan gida, kuma ba na shakka wasu daga cikin ledojin nan daga ɗakin girkina suka fita. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na kawo shi ne don ka san ledar da muke gani tana lilo a kan ƙaya, wata tana nan a cikin dukiyar talaka tana cin ta a ɓoye.

Mu da muka ɗan kwana biyu a duniya mun san garin nan babu leda. Yaro in an aike shi sayen koko da kwano yake tafiya. Mai zuwa Kasuwar Dole ranar Alhamis da sanho ko kwando yake fita, mai tsire kuma a takarda yake naɗe maka. Yau koko mai zafi a leda ake zuba shi, man gyaɗa na dala goma a leda, barkono a ƙullin leda, sannan a haɗa duka a jefa cikin wata baƙar leda a miƙo maka. Cefane ɗaya, leda shida, kuma ba wadda za ta kai magariba tana da amfani.

Ranka ya daɗe, doka dai muna da ita. Dokar ƙasa mai lamba 2014-63, ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, ta hana ƙera leda marar kauri, ta hana shigo da ita, da sayar da ita, da ajiye ta, da amfani da ita a duk faɗin Nijar. Yaron da aka haifa a shekarar ya kusa gama firamare, kuma bai taɓa ganin ranar da aka hana shi leda a shago ba. Ruwanda ta yi irin wannan doka a 2008, Kenya ta yi a 2017, su kuwa da suka ce an hana, hanin ya kai har bakin iyaka da cikin kasuwa. Na san kwamiti ɗaya na birni ba shi ke tsaron iyaka ba, kuma mu nan hanyar Matamai da ta Magarya a buɗe suke zuwa Kano, inda masana'antun roba suke. To amma leda ba daga sama take faɗowa ba. A dila-dila take shigowa, a manyan shaguna ake sauke ta, daga nan masu ƙananan tebura suke saro ta. Masu sauke dilar nan ba su da yawa, kuma duk ɗan kasuwa ya san su. Roƙona shi ne in za a taɓa maganar dokar nan, a fara zama da su, a sa musu wa'adi su sayar da abin da ke hannunsu, a kuma yi magana da 'yan duwan. Kada a wayi gari a ga an tasa ƙeyar tsohuwa mai ƙosai don an same ta da ƙullin leda na dala ashirin. In aka fara ta nan, mutane za su tsani dokar tun ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Fiya wata kuwa, nan sai an yi a hankali. Garinmu a kan dutse yake zaune, kowa ya san tarihinmu da ƙishirwa. Daga Gogo-Machaya da Arungoza da Ganaram ake jawo mana ruwa, kuma duk da haka in bazara ta yi akwai unguwannin da mata suke kwana a bakin famfo da jarkoki. Mai kabu-kabu da ke yini cikin rana, ko ɗan dako a tasha, ruwan ledar nan na dala biyar shi ne abin da zai jiƙa maƙoshi da shi. Ba zan ce a hana ba. Abin da zan ce shi ne masu ɗura ruwan su ɗauki wani kaso na nauyin ledarsu. Motocinsu da kekunansu suna zagaya kowane shago da safe su sauke kaya su koma fanko. Me zai hana su koma da buhunan ledar jiya? Ledar fiya wata ta fi baƙar leda kauri, iri ɗaya ce, ba ta da maiƙo, don haka ita ce ma ta fi sauƙin sarrafawa in an tara ta wuri guda.

Wannan ya kawo ni ga maganar sake sarrafa roba, wadda kowa ke ambata a taro kamar ita ce za ta share mana hawaye. A duniya baki ɗaya ana ƙera roba fiye da tan miliyan 400 a shekara, kuma wadda ake sake sarrafawa cikin sharar roba ba ta wuce kashi 9 cikin ɗari ba. Ƙasashe masu manyan injuna ke nan a cikin lissafin. Mu a nan, je ka tsaya wurin masu sayen tsohuwar roba ka ga abin da suke ɗorawa a kan sikeli: fasasshiyar buta, jarka, kujera mai karyayyar ƙafa, bokiti, tsohon silifa. Waɗannan suna da nauyi, suna da kuɗi, shi ya sa da wuya ka gan su sun kwana a juji. Yara sun riga sun tsince. Baƙar leda kuwa ba mai kallon ta. Yaro zai yini yana tsinta ya cika buhu, a ɗora a sikeli allura ta ƙi motsi. Ga ƙasa da miya a jikinta, sai an wanke kafin inji ya karɓa, a garin da ruwan sha ma sai an yi layi. Ba ƙazantarmu kaɗai ta bar ledar nan a titi ba, ranka ya daɗe. Rashin farashi ne. Ranar da kilo ɗaya na leda ya zama kuɗin da zai sayi kwanon abinci, za ka ga an tsince ta har daga kan ƙaya.

Wa zai saya? Nan ne nake ganin birni yana da abin yi. Ana narka leda a gauraya da yashi a zuba a ma'auni, ta fito tubalin daɓen hanya, an kuma gwada wannan a wurare da dama a Afirka ta Yamma. Masu yin irin wannan aiki galibi ba fasaha ce ke kayar da su ba, rashin mai saye ne. In birni ya ɗauki alkawarin cewa wani kaso na daɓen lungunanmu da farfajiyar makarantu da wannan tubali za a yi, to ga kasuwa ta samu, leda kuma ta yi farashi. Sai dai ina da sharaɗi biyu a raina. Kada a bar matasa suna narka ta a buɗaɗɗiyar tukunya suna shaƙar hayaƙi ba kariya, a gyara titi a lalata huhu. Kuma a ba malaman Jami'ar André Salifou tubalin su gwada ƙarfinsa a zafin ranarmu ta watan Afrilu kafin a shimfiɗa. Ma'aikata kam ba sai an nemo ba. Ga matasa nan cike da fadodi, wato wuraren zamansu na hira, daga Kara-Kara har Sabon Gari, masu ƙarfi a jika, waɗanda ba abin da suke nema kamar aikin da za a biya su da yamma.

Saura inda shara take zuwa. Gidaje da yawa a unguwarmu muna biyan wani yaro mai amalanke ya kwashe mana shara. Wata rana na bi bayansa, ba don zargi ba, don in gani. Ya tura ya tura, da ya gaji sai ya juye a wani kango da ke kan gangaren tabki. Na ce masa don me? Ya ce to ina zai kai, Baba? Ban sami amsar ba shi ba. Daga irin wannan kango iska take kwasar leda ta watsa gari, ragowar kuma in ta taru a cinna mata wuta da magariba, daidai lokacin da yara suke wasa a waje, hayaƙi mai guba ya bi lungu ya shiga ɗakuna. Manoman kewayen gari da suka saba sayen juji su kai gona a matsayin taki, yanzu rabin abin da suke zubawa leda ce, hauya tana sara tana maƙalewa, saiwar gero tana neman hanya ta rasa. Abin da yaron nan yake bukata bai fi wuri mai katanga a kowace gunduma ba, kusa yadda amalanke zai kai, da mota mai zuwa kwashewa a ranar da aka sani, da babban wurin zubarwa a wajen gari inda ake rufe shara da ƙasa.

Sai magudanun ruwa. Daminar 2024 ba ta fita daga ranmu ba, shekarar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya faɗi a farkon Satumba. Ban ce leda ce ta kayar da shi ba, ruwan shekarar ya fi ƙarfin gini da yawa. Amma duk wanda ya leƙa lambatu a garin nan ya san ruwan da ya kamata ya gangara tabkin Kanya da sauran tabkuna yana tarar da hanya a toshe, sai ya juya ya nemi gindin katangar laka. Bangaladash ta hana leda tun 2002, bayan an gano ita ce ke toshe magudanu lokacin ambaliya. A nan abin da na sha gani shi ne matasan unguwa su yi gayya su yashe lambatu, su tara baƙin taɓo da leda a bakin titi, a ɗauki hoto a sa a Facebook, tarin ya yi sati yana jiran mota, ruwan farko ya zo ya mayar da shi inda aka ciro shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za a yashe, a yi tun watan Mayu, mota kuma ta biyo bayan shebur a ranar.

Masu unguwanni da limamai za su taimaka in an kira su, kuma kalma ɗaya daga fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram ta fi allon sanarwa ɗari. Ni dai a gidana mun koma kwano da sanho, ko da yake jikokina suna cewa na mayar da su zamanin Sarki Tanimu.

Daga ƙarshe ina gayyatarka, ranka ya daɗe, wata safiya bayan sallar asuba, ba jiniya ba 'yan jarida, ka biya ta kwata ka tsaya inda ake wanke kayan ciki na rabin awa. Ka ce mahauta su ajiye maka abin da suka ciro daga tumbin dabbobin ranar a gefe guda. In ka sa rana, a aiko mini ta hannun mai unguwarmu, zan riga ka isa.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin lakwal,
Garin Malam, Damagaram.