Sanarwa: Zaman Asabar kan hoton MRS da sankarar mama

Assalamu alaikum ƴan'uwa ɗalibai da ma'aikatan sashen hoto, barkanmu da war haka.

Zamanmu na wannan watan zai kasance ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe 8:30 na dare, ta kiran murya a nan cikin rukuni. Za mu tattauna kan MRS, wato amfani da na'urar MRI (mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu) wajen gano sinadaran da ke cikin ƙullutun mama.

Ga ɗan share fage. MRS ba ya fitar da hoto irin wanda muka saba gani, zane yake bayarwa mai tudu da kwari. Ƙwayoyin sankara suna yawan rarrabuwa, suna ta gina sabuwar fatar ƙwaya, shi ya sa sinadarin kolin ke taruwa, tudunsa ya bayyana a wajen 3.2 ppm (ma'aunin da ke nuna gurbin kowane sinadari a kan zanen). Amma a yi hattara! Mai shayarwa ma tana iya nuna kolin alhali lafiyarta ƙalau, kuma ƙullutun da bai kai santimita 1 ba yakan ɓace cikin siginar kitse da ruwa. Don haka har gobe sai an ɗebi tsoka an auna kafin a ce sankara ce.

Kowa ya karanta fayil ɗin da za a tura daren yau, ya aiko da tambaya ɗaya kafin Juma'a. Masu aikin dare su faɗa da wuri, a ajiye musu rikodin. Don Allah kada wanda ya turo hoton majiyyaciya da sunanta ko lambar katinta a jiki, za a goge nan take.

Allah ya kai mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Mai kula da rukuni