Wasiƙa zuwa ga ɗana kan gyaran banɗaki

Garwa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kai da iyalinka kuna lafiya. Ya zafin Marwa? Mu nan Afrilu ya matsa mana, ruwan tanki da azahar kamar an sauke shi daga murhu.

Na ga hoton da ka turo wa innarka ta WhatsApp, na irin banɗakin da kake so a yi muku a ɗakin kwana. Ya yi kyau, ba musu. Sai dai mai wannan banɗakin famfonsa ba ya ɗaukewa. Bahon kwanciya irin wannan yana shanye lita 150 kafin ya cika, jarka bakwai da rabi ke nan ta lita 20, alhali da bokiti guda mutum yana wanka tas. Ka cire shi daga lissafi.

Kafin a fasa ko tayil ɗaya, ka sami alli ka zana komai a ƙasa, ka shiga ka fita, ka tsuguna ka miƙe, ka ga inda gwiwar hannunka ke bugun bango. Da masai za ka fara, don bututunsa ne babba, faɗinsa santimita 10, kuma matsar da shi sai an farfasa daɓe. In inda yake ba shi da aibi, ka bar shi nan, ka bar masa fili kamar santimita 60 ta gaba. Abu ɗaya ne ya isa a tayar da shi: alƙibla. Ka san hadisin Abu Ayyuba al-Ansari da Buhari da Muslim suka ruwaito, na hana fuskantarta ko ba ta baya wajen biyan buƙata. Malikiyya sun sassauta in a cikin gini ne, na sani, amma tunda allin yana hannunka, me zai kai ka? Alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa, don haka mai zama ya dubi kudu ko arewa.

Yanzu ga inda ni na ci tuwon ƙasa. Lokacin da ake daɓen namu na yi tafiya Ngaundere, na bar magini shi kaɗai. Ya shafe ƙasan nan sumul kamar faranti, ba gangare ko kaɗan. Ana yin wanka sai ruwa ya yi tsaye yana shawara, daga nan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya tarar da tabarma. Shekaru innarka ta yi tana kora shi rariya da tsintsiya, kuma duk sharar da za ta yi sai ta ambaci tafiyar nan tawa. Kai ka tsaya a kansu. Gangaren ya zama santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya nufi rariya, daɓen banɗakin kuma ya ɗan yi ƙasa da na ɗaki. Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ka kwara bokiti a kusurwa mafi nisa ka ga inda ruwan ya dosa.

Kowace rariya a sa mata bututun nan mai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa. Shi ke tare wari da kyankyaso daga rami. In kun yi doguwar tafiya da bazara yakan bushe, sai a zuba masa buta ɗaya. Taga a yi ta sama, kada a manta da raga. Soket ya nisanci shawa.

Wurin da bahon zai ci, ka ware shi don alwala, nesa da masai, da ɗan dakalin zama da famfo daidai gwiwa yadda buta za ta shiga ƙarƙashinsa. Yau kana tsalle, amma ka dubi yadda innarka ke dafa bango kafin ta miƙe. Saboda haka nake ganin masai na zama ya fi, ƙofa kuma ta buɗe ta waje, don in mutum ya faɗi a bayanta a iya kai masa ɗauki. Tayil ɗin ƙasa kada ka bi sheƙi. A shagon ka yayyafa masa ruwa ka murza da tafin hannu, in ya zame ka bar musu kayansu.

Shin ka ma tambayi matarka? Ita ta san inda babbar roba za ta zauna ranar wankan jego, da ruwan zafi da ganye da mai yi mata wankan, duk a ɗaki ɗaya. Ka miƙa mata allin ita ma.

Ka auno mini tsawo da faɗin ɗakin, da gefen da ramin masai yake. Innarka tana gaida yara, ta ce a ajiye mata tsohon madubin in an cire shi.

Wassalam,
Mahaifinka