Takardar Koke Kan Sabon Aikin Magudanar Ruwa: A Lissafa Ruwan Kafin a Haƙa Kwata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna unguwannin da ke gangare, masu gidaje da 'yan haya, maza da mata, muke kawo kukanmu gabanka. Labari ya iske mu cewa za a sake gina magudanar ruwan babban titinmu, kuma mun yi murna ƙwarai. Roƙonmu shi ne kada a ba da kwangilar nan sai injiniya ya lissafa yawan ruwan da kwatar za ta ɗauka, da manhajar kwamfuta da aka yi domin wannan aiki, a kuma nuna mana sakamakon.

Kwatar da muke da ita yanzu ba ta rushe ba, ƙanƙanta ta yi. Lokacin da aka gina ta, sama da mu gonaki ne da filaye masu shanye ruwa. Yau duk sun zama rufin kwano, tsakar gida mai siminti da kwalta. A ma'aunin injiniyoyi, kwalta da siminti da rufi kan malalar da kashi 70 zuwa 95 cikin 100 na ruwan da ya sauka a kansu, alhali fili mai yashi da ciyawa bai cika wuce kashi 20 ba. A ɗauki misalin yanki mai hekta 10 da ruwa ke sauka masa milimita 50 a awa guda. In kashi 30 ne ke malala, wajen lita 420 ke isowa kwata kowane sakan. In gine-gine sun kai shi kashi 80, abin ya haura lita 1,100. Ruwan sama bai ƙaru ba, amma nauyin da ke kan kwatar ya kusa ninkawa uku. Wanda ya kwafo girman tsohuwar kwata ya sake zuba siminti, ya zama telan da ya yanka yadi bai auna mai rigar ba.

Wannan lissafi ba sabo ba ne. Tun 1851 Thomas Mulvaney, injiniya ɗan ƙasar Ailan, ya fito da hanyar da ake haɗa faɗin yanki, ƙarfin ruwan sama da yanayin ƙasa a gano mafi yawan ruwan da zai taru. A ƙaramin yanki har yau ana yin sa da biro da takarda. Sai dai ba ya gaya wa mutum abin da zai faru idan kwatoci uku suka haɗu a mahaɗa ɗaya, ko kwalbati ta cika ta mayar da ruwa baya, ko rafin da ake zubarwa ciki ya tumbatsa ya ƙi karɓa. Mu kuwa a irin waɗannan wuraren ne ruwa ke shigo mana ɗaki.

Nan manhajojin suke da amfani. SWMM, wadda Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fara fitarwa a 1971, tana bin ruwa daga rufi zuwa titi, daga titi zuwa kwata, har mafita, minti bayan minti, ta nuna inda zai yi ambaliya da tsawon lokacin da zai kwanta. HEC-HMS da HEC-RAS na rundunar injiniyoyin sojan Amurka suna lissafa ruwan da ke gangarowa daga babban yanki da yadda rafi zai cika. QGIS kuma ta zana taswira. Duka kyauta ake sauke su a intanet, don haka tsadar lasisi ba za ta zama uzuri ba. Kuɗin yana wajen ƙwararren da zai yi aikin da awon da za a ba shi.

A kan awon ne muke so a tsaya sosai, domin kwamfuta abin da aka ba ta shi take sarrafawa. Taswirar tudu da gangare ta kyauta da aka ɗauko daga sararin samaniya tana auna ƙasa ne tazarar mita 30, alhali bambancin santimita kaɗan ke sa ruwa ya bi titi ko ya faɗa gidan mutum. Dole safiyo ya taka layi-layi da na'urarsa, ya auna ƙasan kowace kwata da bakin kowace kwalbati. Haka jimillar ruwan yini ba ta wadatar ba. Milimita 60 da suka sauka daga safe zuwa dare daban suke da milimita 60 cikin minti 40, kuma na biyun ne ke cin gidaje. A nemo bayanan ƙarfin saukar ruwa daga hukumar kula da yanayi, a rubuta a rahoto daga wace tasha aka samo su da na shekaru nawa ne.

Muna kuma so a faɗa mana a fili wane irin ruwa aka yi wa kwatar tanadi. Idan an ce na shekara 10, ba ana nufin sai bayan shekara 10 zai zo ba. Kowace damina yana da damar ɗaya cikin goma. Mu da za mu kwana a gefenta muna da haƙƙin sanin wannan zaɓi. A bar sarari kuma don gidajen da ba a gina ba tukuna, da sauyin yanayi, tunda masana sun nuna iska kan riƙe ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi.

Za a ce shara ce matsalar. Shara na toshewa, kuma za mu ci gaba da yashewa. Amma mun sha ganin kwatar ta tumbatsa tana a yashe. Abin da ya dace shi ne a gwada lissafin sau biyu, da kwata mai tsabta da wadda yashi ya cinye rabinta, domin ba a taɓa ganin kwatar da ta zauna fes har ƙarshen damina ba.

Mu ma muna da abin bayarwa. Shatin ruwa yana nan a jikin katangunmu, matasanmu suna da bidiyon ambaliya a wayoyinsu, dattawanmu sun san tsofaffin hanyoyin ruwan da aka gine. Injiniya ya fara sa manhajar ta nuna ambaliyar da muka riga muka gani da idonmu. In ta kasa, da sauran gyara a lissafin, bai kamata a zana sabuwar kwata a kansa ba. Lissafin ya kai har mafita, kada a kwashe ruwa daga ƙofarmu a juye wa maƙwabtanmu na ƙasa.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a sa waɗannan sharuɗɗa cikin takardar kwangila, wani injiniya da ba shi da hannu a aikin ya duba lissafin, a kuma miƙa fayil ɗin ga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma tare da horar da ma'aikatansa, domin ya yi amfani duk lokacin da za a fitar da sabon titi ko a yanka filaye. Kafin a tallata kwangilar, a kira mu zama a buɗe mana taswirar, a yi mana bayani da harshen da za mu gane. Wakilanmu a shirye suke su raka safiyo duk ranar da aka sa.

Allah ya taya ka riƙo, ya ƙara wa Mai Girma Hakimi lafiya.

Naku masu biyayya,
Wakilan mazauna unguwannin da abin ya shafa