Rahoton Ayyukan Shekara: Maganar Taba a Ɗakin Awo

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu ungozoma.

Aikin da ya fi cin lokacin ƙungiya a bana shi ne maganar taba. A taron bara muka amince cewa duk matar da ta zo awon farko a tambaye ta ko tana shan sigari ko shisha, ko tana sa taba gari a baki, sannan ko akwai mai busa hayaƙi a ɗakin da take kwana. Masu cewa suna sha da kansu kaɗan ne, wasu kuwa kunya ke rufe musu baki. Amma "maigida yana sha" kusan kullum sai an ji ta.

Saboda haka horon da muka yi ya karkata ga yadda za a yi bayani ba tare da an muzanta mace ba. Hayaƙin taba na ɗauke da iskar guba da ke rage iskar da jini ke kai wa ɗan tayi, sinadarin nikotin da ke cikin taba kuma yana matse jijiyoyin jini. Daga nan ɓari ke zuwa, da haihuwar bakwaini, da jariri mara nauyi, da rabuwar mabiya kafin lokaci. Mun sha ganin waɗannan a ɗakin haihuwa, tambayar ce ba mu saba yi ba.

A zaman karatu mun duba aikin Catherine Chamberlain, ungozoma 'yar Ostireliya da ta zama farfesa a Jami'ar Melbourne. Bitar da ta jagoranta a 2017 a ƙarƙashin Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya na duniya, ta tattara gwaje-gwaje 102, ta nuna cewa zama da mai ciki a yi mata nasiha da ƙarfafa gwiwa yana taimaka mata ta daina shan taba, yana kuma rage haihuwar jarirai marasa nauyi. Mun kuma duba gwajin birnin Glasgow na Birtaniya na 2015, inda aka sa mata masu ciki 612 masu shan taba, aka yi wa rabinsu alkawarin takardun sayayya har na fam 400 idan suka daina. Kashi 22.5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa alkawarin suka daina, a ɗaya rukunin kuwa kashi 8.6. Irin wannan kuɗi ba mu da shi. Zama da magana kuwa aikinmu ne tun asali, kuma ganin ungozoma irinmu ta kai bincike wannan matsayi ya ƙarfafa ƙannenmu ƙwarai.

Ranar 31 ga Mayu, ranar yaƙi da shan taba ta duniya, mun fita tashoshin mota da teburan masu shayi, domin maza ba sa zuwa awo. Nan ne aikin ya fi wuya. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma a ɗakin kwana sai an shawo kan maigida.

A shekara mai zuwa, in sha Allahu, amsoshin nan za su shiga rajista ɗaya, kuma za mu nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin mu fara nazarinsu. Mai son shiga aikin ta ba sakatariya sunanta kafin zama na gaba.