Daga Aboabo, Kumasi

Mutumina,

Sallama da fatan alheri. Tun Babbar Sallah ban ji ɗuriyarka ba, sai hotunan ƙanƙara kake ta zubawa a Facebook, sai ka ce kai ka fara zuwa Jamus. Na gaji da jira.

Albishirinka! Ƙungiyar su Alhaji ta 'yan goro ta ba ni aikin ɗora rajistar mambobinta a intanet, jiya shafin ya fara aiki. Amma na sha wuya. Sakatarensu fayil ɗin CSV ya turo min, shafin kuma JSON yake karɓa, wani tsarin rubuta bayanai daban. Ka san halin CSV, rubutu ne zalla da waƙafi a tsakani. To ga adireshi irin "Asawase, bayan masallaci": in ba a killace shi da alamar zance ba, waƙafin nan ɗaya sai ya ture layin gaba ɗaya, rabin adireshin mutum ya faɗa gurbin lambar wayarsa. Lambobin wayar ma duk sifirin farko ya zube, 024 ya koma 24, don manhajar sakataren ta ɗauke su adadi. A JSON kuwa adadi ba ya farawa da sifiri irin haka, dole na mayar da su rubutu.

Wanda ya fi ci min rai ƙ da ɗ. Ba a UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san ƙ da ɗ, aka adana fayil ɗin ba, duk Ɗanjuma ya zama ?anjuma, kuma babu dabarar da ke dawo da shi. Haka muka zauna da sakataren da tsohon littafinsa muna bi suna suna, yana ta ba ni labarin kasuwar Kejetia ta da.

Af, mai waakyen (shinkafa da wake) nan taka ta aurar da 'yarta. Ka yi sake, malam! Hajiya kuma ta ce in tambaye ka ko can ba a sayar da katin waya.

Kuɗin adashi a pesewa (ɗari ke yin sidi ɗaya) na rubuta su, ba a sidi ba, don in guje wa adadi mai ɗigo, tunda JavaScript, yaren da shafin ke lissafi da shi, in ka ce ya haɗa 0.1 da 0.2 sai ya ba ka 0.30000000000000004. Wa zai yi wa Alhaji wannan bayanin?

Akwai abin da na zauna in tambaye ka, wallahi ya shige min. Ka dai kira. Kuma har yanzu cazata tana wurinka.

Naka,
ka san ko waye