Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke ajiye mana bayanai a intanet

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ni nake kula da manhajar da wasu shagunan magani a Kano suke rubuta hajarsu da basukan da suke bi. Shekara huɗu ke nan bayanan nan suna rumbunku. Ranar da muka kawo su ba ku karɓi ko sisi ba. Yau da muke son tashi, kun ce sai mun biya kuɗin fitar da kowane gigabait na bayanan, kuma da dala.

Kun san abin da ya kore mu. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, masu shagunan nan kuwa da naira suke ciniki. Mun sami wani kamfani a Legas da zai karɓi naira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lasisi. Na biya kuɗin manhajar rumbun bayanai na shekara uku, saura shekara guda cur. Ma'aikacinku ya ce lasisin ba ya aiki sai a kan na'urorinku, in na koma wani wuri sai in sake saye. To ashe haya na yi? Ba haka aka gaya mini ranar ciniki ba. Ko bayanan ma, kun tsara su yadda manhajarku kaɗai ke karantawa. Mako biyu yarona yana fama bai gama juya na shago ɗaya ba.

Kada ku ce haka kowa yake yi. Google ya daina cajin mai barinsa kuɗin fitar da bayanai a Janairun 2024, AWS na kamfanin Amazon da Microsoft suka biyo baya a Maris. Dokar bayanai ta Tarayyar Turai ta haramta kuɗin sauya kamfani daga 12 ga Janairu, 2027. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ma, a Yulin 2025, ta ce irin wannan caji yana tauye gasa.

Ina so ku yafe kuɗin fita, ku ba ni bayanan a tsarin da kowace manhaja za ta buɗe, ku mayar mini da kuɗin shekarar da ta rage. In kwana talatin suka wuce shiru, zan kai takarduna FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye.

Na gode.

Abokin hulɗarku daga Kano