Robar gindin bindiga da ke zama danƙo a ajiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin mafarauta masu lasisi kan robar da ke gindin bindiga, wadda ke rage dukan kafaɗa idan an harba. Sau da yawa a ajiye bindiga duk damina, a ɗauko a tarar robar ta yi danƙo tana manne wa riga.

Zafi da danshi ne ke lalata ta, musamman mai laushin nan ta nau'in robar da ake kira foliyuritan. Sai kuma man da ake shafa wa bindiga: idan aka jingine bindiga gindi a ƙasa, man yakan gangaro ya jiƙa robar.

Idan abin bai yi nisa ba, a cire harsashi tukuna, a goge da tsumma da ɗan sifirit, a barbaɗa hoda. Kada a kusanto da fetur ko kananzir, ƙara narkar da ita suke. Wadda ta fara zubewa kuwa ba ta gyaruwa, sai sauyi. Galibi sukuru biyu ne ke riƙe da ita, a ɓoye cikin 'yan tsage biyu; a shafa wa sukurudireba ruwan sabulu kada ya yaga sabuwar wajen ɗaurawa.

A riƙa ajiye bindiga bakinta ƙasa, a busasshen wuri, ba cikin leda ko kan kafet ba.

Naka,
Wani mai gyaran bindigogin farauta